Tan 30 a Kan Tirela Ɗaya: Yadda Aka Tsara Wani Lodi Daga Kano Zuwa Maraɗi da Manhaja

Kayan da ɗan kwangilar ya kawo wa kamfanin sufurin da nake wa aiki kala huɗu ne. Akwai rodi mai kaurin milimita 16, ɗauri 6, kowane ɗauri tan 2. Akwai siminti buhu 200, wato tan 10, tunda kowane buhu kilo 50 ne. Sai kwanon rufi na tan 1, da wani babban janareta mai gida wanda farantin jikinsa ya ce tan 7. Jimilla tan 30. Janaretan a Katsina za a sauke shi, sauran kayan su wuce Maraɗi ta Jibiya da Ɗan Isa. Mota ɗaya yake so, ya ce ba zai biya kuɗin biyu ba, kuma yana da gaskiya, domin a takarda mota ɗaya ta isa har da saura.

Motar da aka ware masa kai ne mai aksil 3, wato layin taya 3, da shimfiɗaɗɗen bodi mai aksil 3, irin wanda ba shi da bango ba shi da rufi sai allon ƙarfe guda a gaba. Tsawon bodin mita 12.2, faɗinsa mita 2.5. Babu kaya a kanta, da direba da cikakken tanki, tan 17 take. In an ɗora tan 30 ta zama 47.

Ba a yi haɗari a wannan tafiya ba, ba a kama motar ba. Na zaɓi in rubuta a kan wannan lodin ne saboda shi ya nuna mana ƙarara cewa mota tana iya yin daidai a jimillar nauyi amma ta karya doka a wani layin taya, kuma bambancin tan ɗaya ba abu ba ne da ido ke gani, kome gogewar mai idon.

Abin da sikeli ke dubawa

Nijar tana cikin ƙungiyar UEMOA ta ƙasashen Afirka ta Yamma masu kuɗin sefa. A 2005 ƙungiyar ta fitar da ƙa'idar nauyi da girman manyan motoci, wadda aka fi sani da Doka ta 14, sannan a 2012 ECOWAS ta fitar da tata mai kama da ita. Ga irin motarmu mai aksil 6, iyakar jimilla tan 51 ce. Wannan adadin kowa a garejinmu ya haddace shi. Wanda ba a haddace ba shi ne na ƙarƙashinsa: aksil ɗin gaba, na sitiyari, bai kamata ya wuce tan 6 ba, biyun tsakiya, waɗanda ke jan motar, tan 18 ne in tazarar da ke tsakaninsu ta kai mita 1.3 amma ba ta kai 1.8 ba, kuma tamu haka take. Ukun baya tan 25. Tsayin mota da kayanta daga ƙasa mita 4, faɗi mita 2.55.

Da muka hau sikeli da motar babu kaya, muka auna ta layi-layi, sai ya fito gaba tan 4.8, tsakiya 6.2, baya 6. Ma'ana sauran wurin da ya rage a baya tan 19 ne, a gaba kuwa tan 1.2 kacal. Nan lissafin ya fara canza kama. Faifan da bodi ke hawa a kan kai ba a tsakiyar tayoyin tsakiya cif yake ba, ya ɗan matsa gaba, don haka duk nauyin da ya sauka a kansa kusan kashi ɗaya cikin goma yana tafiya ga tayoyin sitiyari. In aka ɗora wa faifan fiye da tan 12 na kaya, gaba ta wuce 6. To 12 a kan faifai da 19 a baya, tan 31 ke nan. Motar da muke cewa tana da sararin tan 34 ashe 31 ne iyakarta, shi ma sai an zauna an raba kayan daidai wa daida. Da tan 30 a hannu, abin da ake bukata shi ne nauyin da zai sauka kan faifan ya faɗo tsakanin tan 11 da 12. Tagar ke nan, faɗin tan ɗaya.

Yadda nauyi ke rabuwa a kan bodi ba wani abin mamaki ba ne. Mutum biyu ne suka ratayo kaya a sanda, ɗaya gaba ɗaya baya. Duk wanda kayan ya fi kusa da kafaɗarsa shi ya fi jin jiki. A tirela, kafaɗar gaba ita ce ƙusar da ke shiga faifai, kafaɗar baya ita ce tsakiyar tayoyin nan uku. A motarmu ƙusar tana mita 1.2 daga allon gaba, tsakiyar tayoyin baya tana mita 9.2, tsakaninsu mita 8. Kayan da aka ajiye ya wuce kafaɗar baya, can wutsiyar bodi, ba danne baya kawai yake yi ba, har ɗaga gaba yake yi. Aikin manhajar tsara lodi shi ne ta yi wannan lissafin ga kowane kaya, ta tara, ta sake yi duk lokacin da aka matsar da wani abu ko da taku ɗaya.

Irin waɗannan manhajoji suna da yawa a kasuwa, akwai EasyCargo da Goodloading da Cube-IQ da wasunsu. Yawancinsu an fara gina su ne don cika kwantena da rufaffiyar mota, inda babbar damuwa ita ce sarari. A shimfiɗaɗɗen bodi sarari ba ya cika zama matsala. Nauyi da ɗauri su ne matsala. Don haka duk wanda zai saya don irin aikinmu, abin da zai fara tambaya shi ne ko tana nuna nauyin kowane aksil, kuma ko za ta bari ya shigar da ma'aunin motarsa ta gaske maimakon wata motar Turai da ta zo a cikinta. Tamu tana yin duka biyun. Rabin yini ya tafi wajen jan tef da zuwa sikeli kafin a taɓa kwamfuta, kuma a ganina wannan rabin yinin ya fi kuɗin manhajar daraja.

Rodin bai ba da wahala ba. Tsawonsa mita 12, wuri ɗaya gare shi: a kwantar da shi tsawon bodi, kansa ya tokari allon gaba. An raba shi ɗauri 3 dama, 3 hagu, biyu a ƙasa ɗaya a sama, don kada motar ta karkata. Tsakiyarsa ta faɗo mita 6, sai ya ba faifai tan 4.8, ya ba baya 7.2. Tsakanin ɗaurukan ya bar wani lungu mai faɗin kusan mita ɗaya da rabi, kuma a cikin wannan lungun ne sauran kaya uku za su jeru: janareta mai tsawon mita 4.4, tarin siminti mai cin mita 4 in an yi shi hawa goma, da kwano mai mita 3.

Tsari uku, gardama ɗaya

Shugaban 'yan lodinmu dattijo ne, ya fara ɗaukar kaya tun kafin a haife ni, kuma ƙa'idarsa ɗaya ce: mai nauyi gaba, a matse kaya kada a bar ƙofa. Ya ce janareta ya jingina da allo, siminti ya biyo, kwano a ƙarshe. Wannan ƙa'ida ba shirme ba ce. Kayan da ya jingina da allo ba shi da inda zai zame in an taka burki, kuma nauyi a kan tayoyin tsakiya yana sa mota ta kama ƙasa a hawa.

Na jera su haka a kwamfuta. Gaba ta nuna tan 6.2, tsakiya 19.1, baya 21.7. Biyu daga cikin ukun suka yi ja, wato sun wuce iyaka. Tsakiya ta wuce da sama da tan ɗaya, alhali baya tana da sararin tan uku da ɗoriya ba wanda ya taɓa.

Na ce masa, "Baba, zo ka gani, tsakiya ta yi nauyi."

Ya leƙa, ya ce, "Malam, na loda wa motar nan buhu ɗari tara ta je ta dawo. Yau tan talatin ne zai gagare ta?"

Maganarsa gaskiya ce, ta je ta dawo. Amma abin da ake tambaya ba ko za ta iya ɗauka ba ne. Za ta iya, sifirin da taya su biya kuɗin daga baya. Tambayar ita ce me sikelin tsallaken iyaka zai karanta, da kuma wace taya ce za ta fara zafi.

Direban ya kawo nasa tsarin. Shi abin da ya dame shi saukewa ne. Janareta a gaba, kwano a tsakiya, siminti can wutsiya inda 'yan dako za su sauke shi ba tare da sun tsallake rodi ba. A kwamfuta gaba da tsakiya suka koma kore, 5.8 da 15.3, sai baya ta yi ja da tan 25.9. Ya ce ai ba komai, kafin a kai iyaka an sauke janareta a Katsina, mota ta rage tan 7, wa zai kama ta?

Nan ne manhajar ta yi abin da babu ɗayanmu da zai yi da ka. Na cire janaretan daga hoton don a ga yadda motar za ta bar Katsina. Jimilla ta sauko tan 40, amma baya ta tsaya a 25 har da 'yar ɗoriya. Tan 7 aka sauke, abin da tayoyin baya suka samu na sauƙi bai kai tan ɗaya ba, domin janaretan da ma a kan kai yake zaune, ba a kansu ba. Abin da ya fi wannan muni shi ne tsakiya, wadda ta faɗo tan 9.8. Tayoyin da ke jan mota mai tan 40 suna ɗauke da ƙasa da kashi ɗaya cikin huɗu na nauyinta. A dokar Tarayyar Turai, motar da ke ƙetare iyaka ba a yarda tayoyin janta su ɗauki ƙasa da kashi 25 cikin ɗari ba, kuma dalilinsu ya shafe mu ko da dokar ba ta shafe mu ba: kai mai sauƙi da bodi mai nauyin wutsiya shi ne motar da ke sulɓi a jiƙaƙƙiyar kwalta, shi ne kuma wanda bodi ke turawa gefe in an taka burki a kwana. Lokacin damina ne. Direban ya daɗe yana kallon lambar, bai ce komai ba, kuma bai sake kawo maganar siminti a wutsiya ba.

Sai na bar manhajar ta tsara da kanta. Ta sa kwano a gaba, siminti a tsakiya, janareta daga mita 7 zuwa 11.4. Duka uku suka yi kore. Akwai hikima a inda ta ajiye janaretan: tsakiyarsa ta faɗo daidai kan tsakiyar tayoyin baya, don haka in an ɗauke shi a Katsina, gaba da tsakiya ba za su ji komai ba, baya ce kawai za ta huta. Wannan shi ne abu mafi amfani da muka samu daga gare ta ranar, kuma shi muka riƙe.

Sauran tsarin nata kuwa ban yarda da shi ba, su ma ba su yarda ba. Na farko, baya ta nuna tan 24.99. Kore ne, amma koren da kilo 10 ya raba shi da ja. Sikeli biyu ba sa karanta mota ɗaya daidai har irin wannan matakin, tamfol da sarƙoƙi da katakon tokari kaɗai sun ninka kilo 10 sau da yawa. Manhaja ba ta san tsoro ba, 24.99 da 20 duk ɗaya ne a wurinta tunda ba su kai 25 ba. Na biyu, Baba ne ya gani tun kafin in gama magana. Ya nuna kwanon da yatsa ya ce, "Wannan fa? Tan goma na siminti a bayansa, a taka burki ɗaya ya zama takarda." Ban gaya wa manhajar cewa kwano ba ya jure matsi daga gefe ba, ita kuma ba ta tambaya ba.

Yadda aka daidaita

Shawarar a ɗora kwanon a saman siminti daga Baba ta fito. Tan 1 ne, buhunan ba za su ji shi ba, kuma ya sami shimfiɗa mai laushi. Da aka yi haka sai mita 3 na lungun suka buɗe, siminti ya sami damar matsawa. Na riƙa jan tarin gaba da baya a kwamfuta ina kallon lambobin suna hawa suna sauka, har ya tsaya inda tsakiyarsa take mita 4.4 daga allo. Gaba 5.9, tsakiya 16.5, baya 24.6. Bayan Katsina, gaba da tsakiya suna nan yadda suke, baya ta koma 17.6.

Direban ne ya tsayar da mu. A wannan tsarin simintin ya fara daga mita 2.4 ya ƙare a 6.4, wato akwai fili sama da mita biyu a gabansa, akwai kuma rata tsakaninsa da janareta. Ya ce shi ba zai ja mota da tan 11 tsaye a tsakiyar bodi babu abin da ya tokare shi gaba da baya ba. Ya ce a rage hawan, a shimfiɗa shi ya yi tsawo har ya taɓa janareta. Na gwada: hawa 8 maimakon 10, daga mita 1.8 zuwa 7. Tsakiyar tarin ba ta motsa ba, tana nan a 4.4, don haka lambobin aksil ba su canza ko kaɗan ba, amma tarin ya yi ƙasa, ya sami abin jingina ta baya, ratar gaba kuma ta ragu zuwa abin da katako zai iya cikewa. Aka gicciye manyan katakai tsakanin allo da buhunan farko, aka kafe su.

Direban yana cikin zagaya janaretan kuma sai ya duba ma'aunin tankin da ke ƙarƙashinsa. Akwai mai a ciki, wajen lita 300, ragowar wanda aka gwada injin da shi. Tan 7 da ke jikin farantin nauyin busasshen inji ne. Litar man dizal ta haura gram 800, don haka wannan man kaɗai kusan kilo 250 ne, kuma duk a kan tayoyin baya zai sauka. Da tsarin manhajar na farko aka bi, da motar ta fita gareji da laifi alhali kwamfuta na nuna kore. A tsarin da muka tsaya a kai, baya ta koma 24.85. Mai kayan ya ce a bar masa mansa, aka bari, aka rubuta a takardar lodi.

Ina dagewa a kan wannan wurin saboda shi ne inda na ga mutane suna ruɗuwa da manhaja. Hoton da take fitarwa kyakkyawa ne, mai launi, ana juya shi ta kowane gefe, sai mutum ya ɗauka ta ga kayan. Ba ta gan su ba. Abin da aka rubuta mata shi ta zana. In takardar mai kaya ta ce tan 7 alhali 7 da kwata ne, ko ta ce ɗauri tan 2 alhali ma'aikatar rodin ta ƙara sanda goma a kowanne, za ta yi lissafi mai kyau a kan ƙarya. Haka kuma takan ɗauka nauyin kowane kaya yana tsakiyarsa ne cif, sai in an gaya mata akasin haka. Ga buhu da rodi wannan daidai ne. Ga inji ba lallai ba ne, shi ya sa muka duba inda masu ƙera janaretan suka sa kunnen ɗaga shi da ƙugiya, domin a nan nauyinsa ke daidaita, muka tabbatar bai yi nisa da tsakiya ba.

Ɗauri

Manhajarmu ba ta lissafa ɗauri, kuma a shimfiɗaɗɗen bodi ɗauri shi ne bango. Ma'aunin da Amurka da Turai suka yi tarayya a kansa mai sauƙin riƙewa ne: ɗauri ya iya riƙe kaya in ƙarfin da ya kai kashi 80 cikin ɗari na nauyinsa ya tura shi gaba, kamar a burki mai tsanani, da kashi 50 ta gefe ko ta baya. Janareta mai tan 7 ke nan yana neman tafiya gaba da ƙarfin tan 5.6. Wani ɓangare na wannan gogayyar ƙasansa da bodi ce ke riƙewa. Ƙarfe a kan ƙarfe santsi gare shi, abin da zai riƙe kaɗan ne, balle in ruwa ko mai ya shiga. Shimfiɗar roba ta musamman da ake sa wa kaya tana riƙe wajen kashi 60 cikin ɗari na nauyin, wato tan 4.2 daga cikin 5.6 ɗin. Mu irin wannan robar ba mu da ita. Yankakkiyar tsohuwar taya muka shimfiɗa, kuma tunda babu wanda ya auna ƙarfinta, ba mu sa ta a lissafi ba. Aka ɗaure janaretan da sarƙa huɗu daga kunnuwan gindinsa, biyu suna ja gaba biyu suna ja baya, kamar dai babu robar.

Rodi shi ne kayan da direbobi suka fi tsoro, kuma sun san dalili. Ɗaurin da aka danne ta sama yana riƙe sandunan waje, na ciki kuma suna iya zarewa su yi gaba kamar mashi, kuma abin da ke gabansu ɗakin direba ne. Shi ya sa aka tokara kansu da allo tun farko, aka sa katako mai kauri a tsakani, aka naɗe kowane gefe da sarƙa a wurare da dama. Siminti da kwano aka danne da bel, aka sa kwali a gefen kwanon don kada ya yanke bel ɗin, sannan tamfol. Tsayin janaretan a kan bodi ya tsaya mita 3.6 daga ƙasa, bai kai 4 ba.

Kafin motar ta kama hanyar Katsina ta sake hawa sikeli. Irin sikelin da ke kusa da mu dogon faranti ne mai auna mota gaba ɗaya, amma ana iya samun nauyin layi-layi da shi: a hau da tayoyin gaba kaɗai a rubuta, a ƙara matsawa tsakiya ta hau a rubuta, sannan duka motar, sai a yi ragi. Ya ba da 5.9 a gaba, 16.7 a tsakiya, 24.7 a baya. Bambancinsa da na kwamfuta bai wuce kilo 200 a kowane layi ba. Baba yana tsaye a wurin, shi ya karɓi takardar ya kawo mini da hannunsa, ya ce, "Malam, na'urar taka ba ta yi ƙarya ba." Na ce, "Baba, ai kwanonka ne ya gyara ta."

Direban ya tsaya a Bichi ya ƙara matse sarƙoƙi da bel, kamar yadda ya saba, domin buhu yakan zauna bayan an ɗan yi tafiya, ɗauri ya saki. A Katsina motar ƙugiya ta ɗauke janaretan daga sama ba a taɓa buhu ko ɗaya ba. Wurin da ya bari ya buɗe bayan simintin, sai suka mayar da sarƙoƙinsa biyu suka ɗaure katako a gindin tarin ta baya. Wannan ma babu shi a hoton kwamfuta. Yaron motar ne ya tuna. Ta shiga Nijar da tan 40, aka auna ta, ta wuce.

Abin da ya biyo baya

An buga hoton tsarin a takarda, da ma'aunin kowane kaya daga allon gaba, kuma tun daga wannan lodin haka muke yi ga duk kaya mai gauraye ko mai saukewa biyu. 'Yan lodi ba sa karanta lambobin aksil, ba kuma sa bukata. An sa fenti a gefen bodin kowace mita, takarda ta ce siminti ya fara daga 1.8, su duba fentin su fara. Abin da ya ragu ƙwarai shi ne ɗagawa a sake ajiyewa. Motar ƙugiya da awa ake biyanta, kuma a da sai an ɗora inji an ga bodi ya durƙusa ta gefe guda kafin a ce a ɗaga a matsar. Yanzu gardamar a gaban kwamfuta ake yin ta, inda matsar da tan 7 ba ya cin ko sisi. Kuma gardamar ta canza. Da, wanda ya fi shekaru ko ya fi murya shi ke cin nasara. Yanzu kowa ya kawo tsarinsa a gwada, na dattijo da na yaro, lamba ta yi magana.

Ga lodi mai kala ɗaya, siminti zalla ko rodi zalla, ba ma buɗe ta. An yi lissafin sau ɗaya ga kowace mota, an rubuta, shi ke nan. Kuɗin manhajar da kuɗin waje ake biya duk wata, tana kuma bukatar intanet, don haka mai mota ɗaya ko biyu da ke ɗaukar kaya iri ɗaya kullum ba zan ce ya saya ba. Ya auna motarsa babu kaya, ya ja tef daga ƙusa zuwa tsakiyar tayoyin baya, ya sami wanda zai yi masa lissafin a takarda. Mai motoci da yawa da ke ɗaukar injuna, taransfoma, bututu da kayan gini a haɗe, musamman mai ƙetare iyaka, shi ne zai ga amfaninta tun a watan farko.

Akwai wurin da manhajar ba ta da ƙarfi ko kaɗan, kuma shi ya fi damuna. Buhu ɗari tara da Baba ya ambata tan 45 ne. A kan motar da iyakarta ta gaske 31 ce, babu wani jeri da zai sa wannan ya yi kore. Ko yaya aka juya shi, sai ja ya fito. Gwajin hanya da aka yi a jihar Ilinoi ta Amurka tsakanin 1958 da 1960 shi ya kafa abin da injiniyoyin titi ke aiki da shi har yau: ɓarnar da aksil ke yi wa kwalta ba daidai da nauyinsa take ƙaruwa ba, ninkuwa take yi. In nauyin aksil ya ƙaru da kashi 20 cikin ɗari, ɓarnar ta ninka biyu; in ya ninka biyu, ɓarnar ta kai wajen ninki 16. Kwarin da tayoyi ke haƙawa a layin manyan motoci, wanda ƙananan motoci ke faɗawa ciki ruwa ya taru, daga nan yake. Mu masu sufuri muna cikin masu haƙa shi, mu ne kuma ke sayen sifirin da taya saboda shi.

Na kai wa maigidan kamfanin lissafin sauran motocinmu bayan an auna su ɗaya bayan ɗaya. Akwai wata mai aksil biyu a bodi da aka daɗe ana ba ta buhu ɗari shida, lissafi ya nuna tayoyin bayanta suna wuce iyaka duk tafiya, kuma ita ce makaniki ya fi gani. Na ce, "Ranka ya daɗe, ko dai a rage mata buhu, ko a riƙa ba ta kaya marasa nauyi a bar wa masu aksil uku siminti." Ya yarda da na biyun ga duk tafiyar da za ta ƙetare iyaka. Ga tafiyar cikin gida ya ce in ya rage buhu, mai kaya zai tafi wurin maƙwabcinmu da ba zai rage ba, kuma kuɗin tafiya da buhu ake lissafa shi. An cire ta daga layin Maraɗi da Damagaram. A layin Kaduna da Jos har yanzu ɗari shida take ɗauka, ni kuma duk ranar da aka loda ta ina rubuta nauyin bayanta a littafi kusa da kuɗin gyaranta na watan, don in sake kai masa.